Jado 2014: tsakanin mai aparai da mai ruwa, wa ya ci zinariyar?

A bazarar 2014 maganar Jado ta shigo mana Damagaram, daidai lokacin nan na Afrilu zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40, duwatsun Birni su sha rana tun safe su kwana suna amayo ta, pampo ba ya kawo ruwa sai an kai tsakar dare in ma ya kawo, 'yan ga-ruwa na yanga da bidoninsu. Muna zaune a fada wani ya turo hoto ta bulutut, tafin hannun mutum ne da wani dunƙule ja-ja kamar gutsuren tsamiya, wai zinariya ce, wai a ƙasa ake tsintarta ba a ma haƙa. Mu dai dariya muka yi. Kafin sati biyu masu kabu-kabu sun fara saida baburansu, tashar Agadas ta cika.

Abin da zan rubuta nan labarin tafiyar mutum 6 ne daga wani ƙauye kudu da Mirriya, cikinsu akwai ɗan kawuna, ƙanina ke nan, ba zan kama suna ba don dukansu suna nan da ransu kuma wasunsu ba su so a tuna masu. Ni ban je Jado ba. Amma ni na rubuta takardar jinginar gonar da aka yi guzuri da ita, ni aka riƙa kira a Turaya, wayar nan ta tauraron ɗan Adam, in abu ya ƙare, kuma da suka dawo gabana aka baje lissafin, to daga nan na san abin da na sani.

Da farko mutum ya san inda ake magana. Jado na can ƙuryar arewa maso gabashin Nijar, cikin jihar Agadas, sama da Bilma da Dirku, wajen iyakar Libiya da Aljeriya. Daga nan sai ka bi gudoron Tanut da Adarbisanat ka yi wajen kilomita 450 ka isa Agadas, daga Agadas zuwa Dirku kuma wajen kilomita 650 na rairayin Tenere ba kwalta ko taku ɗaya, sannan ka sake yin arewa ta Segedin zuwa Cirfa. Ka ga an wuce kilomita 1000 nesa ba kusa ba. Mu nan Damagaram muna kukan ruwan sama, a shekara muna samun wajen milimita 400 tsakanin Yuni da Satumba, to Bilma a matsakaici ba ta kai milimita 20 ba, akwai shekarar da za ta shige ko yayyafi ba a gani ba. A Yunin 2010 an auna digiri 48.2 a Bilma. Masu awon yanayi na ƙiyasin Tenere na samun hasken rana kusan awa 4,000 a shekara, wato kusan duk wunin da Allah ya yi ba gajimare, sannan da hunturu dare ya yi sanyin da ke kusan daskarar da ruwa cikin buta. Ƙasa ɗaya ce amma sai ka ɗauki rawani don rana ka ɗauki bargo don dare.

Kuma abin da ke ba ni mamaki, wurin nan da ba haka yake ba. A duwatsun Jado akwai zanen mutanen da, raƙuman dawa, giwaye, shanu, abin da ba ya rayuwa sai inda akwai ciyawa da tabki. Shekaru dubbai baya Sahara kore ce, tafkin Cadi ya ninka na yanzu sau barkatai, a Gobero cikin Tenere an tono kaburbura tare da ƙasusuwan kifi da kada. Zinariyar Jado kuwa irin wadda ta ɓantaro daga dutse ce, iska da ruwa suka yi ta cin dutsen tsawon zamani, ita da yake tana da nauyi ba ta tsatsa sai ta zauna cikin tsakuwa kusa da sama, shi ya sa aka riƙa samunta da tonon da bai wuce gwiwa ko ƙugu ba. Wato ruwan da ya taimaka ya tara ta ya tafi ya bar ta a inda yanzu ruwa ya fi komai tsada.

Kakanninmu ma sun san hanyar nan ai. Kawar, wato yankin Bilma da Dirku, tana kan tsohuwar hanyar fatake daga Barno zuwa Fezzan, kangon tsohon birnin Jado da na Jaba na nan tsaye cikin dabinai, gine-ginen laka da gishiri, ba kowa ciki. Ayarin Buzaye na ɗaukar hatsin Damargu da na ƙasar Hausa su kai Faci da Bilma su dawo da kantu da dabino. Amma ka lura da lokacin da suke tafiya: bayan damina, da kaka, in iska ta fara sanyi raƙuma sun ƙoshi, kuma har ciyawar da dabba za ta ci suke ɗaurawa su tafi da ita. Ba madugun da zai ja ayari ya shiga Tenere a watan Mayu. Mutanenmu kuwa a watan Mayu suka shiga, saman Hilux, mutum ashirin da wani abu kowa ya rungume sanda tsakanin cinyoyi kar ya faɗo.

Me ya kore su daga gida? Kar wani ya ce kwaɗayi kawai. Manomin ƙasar nan wata 4 yake aiki, sauran 8 rana ce da jira, shi ya sa ci-rani ya zama mana kamar sana'a. Farin 1973 da 1974 ya cinye dabbobi, na 1984 da tsofaffi ke kira El Buhari ya watsa garuruwa, fara ta zo 2004 aka shiga yunwar 2005, aka sake shiga wata 2010. Gona kuma kullum raguwa take don gado, abin da kaka ya noma shi kaɗai yanzu jikoki goma ke rabawa. Libiya ce ke rufa wa gidaje da yawa asiri, da Gaddafi ya faɗi 2011 samari suka dawo dubbai hannu rabbana. A Oktoban 2013, wata shida kacal kafin maganar Jado, mutum 92 suka mutu da ƙishirwa kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, akasarinsu mata da yara daga wajen Kance, nan kusa da mu. Kowa ya ji labarin, an yi ta salati, amma bai hana kowa hawa mota ba, don rumbun kawu a shekarar nan tun kafin azumi aka fara jin ƙasansa.

Ita zinariya ba sabuwa ba ce a Nijar, sai dai da can yamma take, ƙasar Liptako wajen Tera. Koma Bangu ya cika da masu haƙa ne bayan farin 1984, nan ma ka ga yunwa ce ta tura mutane rami, sannan 2004 aka buɗe ma'adinin Samira na kamfani. Ta Sahara kuwa daga gabas ta taso. Kuɗin zinariya ya hau a duniya har oza ɗaya ta kai wajen dala 1,900 ta Amurka a 2011, na'urar gano ƙarfe, wadda ake kira aparai, ta yawaita a Sudan, aka yi rububin Jabal Amir a Darfur 2012, ya tsallako arewacin Cadi 2013, sai Jado a Afrilun 2014, bayan 'yan watanni sai Cibarakatan a bakin iyakar Aljeriya, 2016 har ya kai Muritaniya. Shi ya sa da mutanenmu suka isa suka tarar 'yan Cadi da 'yan Sudan sun riga sun ƙware, su suka san kukan aparai, Tubawa su suka san ƙasar da rijiyoyinta, Bahaushen Damagaram abin da ya kawo ƙarfin damtse ne da diga.

To ga yadda aka ƙulla tasu tafiyar. Wani Alhaji ɗan kasuwa a nan cikin gari ya sayi aparai, irin GPX ɗin nan na kamfanin Minelab na Ostareliya, lokacin kuɗinsa ya haura miliyoyin sefa saboda rububi, ga na jabu sun cika kasuwa, akwai waɗanda suka saida garke suka sayi kwalin banza da ko ƙusa ba ya ji. Nasu dai na gaske ne. Mota ta wani Batube ce da za su haɗu da shi a Dirku. Yarjejeniyarsu, duk abin da aka samu a fara cire kuɗin ruwa da mai da abinci, saura a raba uku, kaso ɗaya na mai aparai, ɗaya na mai mota, ɗaya na su shida. Wannan "a fara cire" ɗin ba wanda ya tsaya ya tambayi nawa zai kai, ni ma da na rubuta ban tambaya ba, kuma nan gaba ɗaya labarin yake. Kuɗin mota zuwa Dirku da guzuri kowa shi zai nema, kawu ya jinginar da gonar fadama, wadda ita ce mai kyau, Inna ta saida tumaki biyu. Ranar tafiya ta kama hannun ƙanina ta ce, "Auta, in ka ga ba ta yi ka dawo, ba a gaba da gida." Shi kuwa yana ta dariya yana ce mata Makka zai kai ta.

Sun kwana uku a Agadas suna jiran ayarin ranar Litinin da sojoji ke rakawa, don ba a shiga Tenere kai kaɗai saboda 'yan fashi. Ƙanina ya ce mani abin da bai manta ba a hanyar nan shi ne takalmin robanshi da ya yi laushi kan ƙarfen mota, da yadda ruwan bido ke zama kamar na shayi, ka sha ka ji bai sauka ba. Sun wuce ta inda Icen Tenere yake da, bishiyar ƙayar nan guda ɗaya da wani direba ya take 1973 aka kai gawarta gidan tarihi na Yamai, yanzu ƙarfe aka kafa a gurbinta. Ya ce, "Yaya, ƙasar da aka yi wa itace ɗaya makoki, ai tun nan ya kamata in gane."

A wurin aikin ba gari ba ne, kasuwa ce ta tanti da buhunna da ta tsiro cikin makonni, an ƙiyasta mutanen sun wuce 10,000, akwai mai shayi, mai gyaran taya, mai cajin salula da faifan sola, mai awon zinariya da ɗan sikelinshi cikin aljihu, har mai gasa nama. Su kuma ba nan ake nema ba, mota ke kwasarsu ta yi tafiyar awa biyu uku cikin hamada ta sauke su da tano biyu na ruwa, ta ce sai bayan kwana kaza. Aikin ma rana ce ke tsara shi. Daga asuba zuwa hantsi, sai a shige ƙarƙashin leda a kwanta kamar gawa har la'asar sakaliya, sannan a sake fita har dare da cocilan a goshi. Mutum ɗaya ke riƙe aparai da abin ji a kunne, yana shara da faifan sannu-sannu kamar mai neman allura, sauran na biye da diga da shebur. In ya yi kuka sai a ja da'ira a fara tono, a riƙa ɗiban ƙasar tafi-tafi ana gittawa gaban faifan har a ware abin da ke kukan. Sau goma, tara gwangwanin sardin ne na waɗanda suka riga su, ko kwanson harsashi, ko wani baƙin dutse mai ƙarfe da ke yaudarar na'ura. Na goman in Allah ya so sai ka ga ɗan abu kamar ƙwayar dawa, a tofa mishi miyau a goge, ya yi ja. Ya ce ranar da suka fara samu ba wanda ya yi ihu, kowa waige-waige ya kama yi, don ihu na jawo masu bindiga.

Wanka babu, taimama ake yi, ruwa na sha ne da dafa makaroni da shinkafa, kuma da awo, murfin buta kaza ga kowa. Duk da haka mutum mai tono cikin zafin nan jikinshi na neman lita da yawa a wuni, ba yadda za ka yi. Ruwan kuwa daga rijiyoyin wajen Cirfa ake ɗauko shi a kamyo da sitan, wato tankar ruwa, a yi tafiya mai nisa, kowane kilomita na ƙara mishi kuɗin gazuwal, shi ma gazuwal ɗin daga Libiya yake shigowa. Ɗayansu, wanda ya fi su shekaru, fitsarinshi ya koma kamar shayin da ya daɗe kan wuta, bayanshi ya riƙe, dole aka sa shi mota aka maido shi Dirku, kuɗin wannan ma cikin "a fara cire" ya shiga. Samarin kuma da yawa tramol suke haɗiya don kar su ji gajiya, wanda shi ne ke sa mutum ya yi ta aiki bai san jikinshi ya bushe ba.

Wata uku da 'yan kwanaki suka yi. Kuma fa sun samu, kar a ce ba su samu ba. A lokacin giram ɗaya a kasuwar duniya wajen jika 20 na sefa yake, a daji mai sikeli ya saye ƙasa da haka ya kai Agadas, daga Agadas zuwa Yamai, daga nan akasari Dubai. Da aka baje lissafi kan tabarma a zauren Alhaji, abin da ya tafi ga ruwa da mai da abinci da jinya ya kusa cinye rabin duka, ruwa shi ne kan gaba. Sauran rabin aka raba uku, kason ukun aka raba shida. Yi lissafin da kanka, in rabi ya tafi, ɗaya bisa uku na rabi shi ne ɗaya bisa shida, a raba wa mutum shida, kowa ya tashi da ɗaya bisa 36 na zinariyar da ya tono da hannunshi. Ƙanina ya kalli kuɗin ya kalle ni ya ce, "Yaya, ashe mai sitan muka je yi wa noma."

Ni a ganina Alhaji bai cuce su ba, abin da aka rubuta shi ya bi, shi ma ya yi kasadar miliyoyinshi, in da 'yan fashi sun ƙwace aparai ba wanda zai biya shi. Mai mota ma haka. Kuskuren a nan gida aka yi shi, mun yi lissafin Jado da hankalin Damagaram, inda ko ruwa ya yi wuya bido bai wuce 'yan dalolin sefa ba kuma in ka rasa maƙwabci zai sam maka. Abin dariya mu ne ya kamata mu fi kowa sanin darajar ruwa, garin da ke zaune kan dutse, garin da ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926, garin da har yau sai an jawo mishi ruwa daga Gogo Macaya da Arunguza da Ganaram. Na biyu shi ne lokaci, da sun jira Nuwamba da rabin ruwan nan ya ishe su, amma wa zai jira alhali ana cewa ana tsincewa, kuma gaskiya ne ana tsincewar, zinariyar sama ba ta haihuwa, waɗanda suka zo makonnin farko su suka kwashi manya. Sai ga shi sun tafi a mafi munin lokaci kuma sun rasa damina a gida, gonar da ba a jinginar ba ma yara da mata suka noma ta rabi da rabi.

Akwai waɗanda suka yi arziki, na san gidajen bene a Agadas da ma nan garin da aka ce kuɗin Jado ne. In ka bincika da kyau sau da yawa mai gidan ko mota gare shi, ko ruwa ya kai, ko sikeli ya riƙe.

A farkon 2017 gwamnati ta rufe Jado ta ce kowa ya fita, dalilin da ta bayar tsaro ne da yawan baƙi masu makamai da kuma son a tsara aikin. Ya zo ba da jimawa ba bayan an fara aiki da dokar 2015 mai hana jigilar baƙin haure, sai direbobin Agadas suka rasa ta nan suka rasa ta can. Jama'a suka watsu, wasu Cibarakatan, wasu duwatsun Abzin wajen Tabelot, wasu suka ci gaba da shiga Jadon a ɓoye. Biyu cikin su shida sun koma Cibarakatan, can kuma wani aiki ne daban, zinariyar cikin dutse take, sai an yi rami mai zurfin gaba da yawa, a fasa dutse a cika buhu a ɗora wa kamyo a kai inda akwai ruwa, Arlit ko Agadas ko Tabelot, a niƙa a wanke da zaiba, a ƙona zaibar ta tashi hayaƙi ta bar zinariya, hayaƙin kuma cikin huhun mai ƙonawa yake sauka. Ka ga nan ma dutsen ne ke bin ruwa ɗaruruwan kilomita. Wanda ya san abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara 2010, inda yara sama da 400 suka mutu saboda ana niƙa dutsen zinariya cikin gida, ba zai so a kawo mana buhunnan nan tsakar gida ba. Sannan Nuwamban 2021 ramuka suka rufta a wajen Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka mutu, wannan kam a ƙofar gidanmu ne, ƙasar jigawa mai taushi da ba ta riƙe rami.

Ƙanina bai koma ba. Kasonshi ya biya rabin jinginar, ya sayi tsohon babur da saura, shekara biyu yana kabu-kabu tsakanin kasuwar Dole da Zango kafin aka ƙarasa fanso gonar fadama. Dattijon da ya yi ciwon baya har yanzu ba ya iya noman wuni guda. Inna ba ta je Makka ba, kuma ba ta taɓa tada maganar ba ko sau ɗaya.

Yanzu da kuɗin zinariya ya sake hawa, a 2025 oza ta wuce dala 4,000, maganar ta dawo fada, sai dai yanzu ta WhatsApp hoton ke zuwa. Kwanan baya ɗan maƙwabcinmu ya zo wurin ƙanina yana tambayar nawa ake saida aparai na hannu. Ƙanina yana cikin wanke babur, bai ɗago ba ya ce mishi, "Kai da wa za ku, kuma wa ke da ruwan?" Yaron ya ce ai Alhajin da zai ɗauke su shi zai kai komai, in an samu a cire. Ƙanina ya ajiye soson, ya jawo mishi benci, ya leƙo ya ce, "Yaya, kawo takardar nan taka da alƙalami."